Daga Yunwar Paris zuwa Kwanon Wake

A watan Satumba na shekarar 1870 dakarun Jamus suka yi wa birnin Paris ƙawanya, ba su sassauta ba sai ƙarshen Janairun 1871. Abinci ya yi wuya har mutane suka koma cin dawakai da beraye. A cikin birnin akwai wani dattijo mai suna Apollinaire Bouchardat, wanda ya daɗe yana shugabantar ɗakin harhaɗa magunguna na asibitin Hôtel-Dieu. Shi ne ya lura da wani abin mamaki: wasu daga cikin masu ciwon suga da yake dubawa, da yunwa ta rage musu ƙiba, sai suga ya ɓace daga fitsarinsu.

Ina jin daɗin wannan labari, watakila don sana'armu ɗaya da shi. Tun kafin yaƙin, Bouchardat yana umartar majinyatansa da su rage ci, su motsa jiki har su yi gumi, su kuma riƙa gwada fitsarinsu da kansu. Ya ƙirƙiro musu burodi na daban: a kwaɓa garin alkama, a yi ta wanke shi har sitacin ya fita, a gasa danƙon da ya rage, wanda kusan zallar furotin ne. Ba a yaba wa burodin da daɗi ba. Amma wake da danginsa, likitocin wancan zamani sun lissafa su cikin abinci mai sitaci, suka hana.

Da insulin ya bayyana a 1922, hankali ya karkata ga allura, daga baya kuma ga ƙwayoyi. Sai a 1986, a birnin Da Qing na ƙasar Sin, aka gwada shawarar Bouchardat gwaji na ƙa'ida. An bibiyi mutum 577 waɗanda sugansu ya fara hawa har shekara shida, kuma waɗanda aka ɗora kan motsa jiki haɗarin kamuwarsu ya ragu da kashi 46 cikin ɗari.

Binciken da ya fi taɓa irinmu masu miƙa magani ta taga shi ne na Amurka da aka wallafa a 2002. Mutum 3,234 ne, masu nauyin da ya wuce kima. Wasu aka ba su metformin. Wasu aka nemi su zubar da kashi 7 cikin ɗari na nauyinsu, su kuma yi minti 150 na motsa jiki a mako, galibi tafiya da sauri. Metformin ya rage kamuwa da ciwon suga da kashi 31, sauyin rayuwa kuwa da kashi 58. Wannan ba hujjar ajiye magani ba ce ga wanda ciwon ya riga ya kama. Magana ce ta riga-kafi.

Wake kuma fa? David Jenkins na Jami'ar Toronto ne ya wanke shi. A 1981 ya auna yadda abinci iri-iri ke ɗaga sugan jini, ya tarar dangin wake na cikin waɗanda suka fi kowane ɗaga shi a hankali, domin sitacinsu a ƙunshe yake cikin harza da furotin. A 2012 ya sa wasu masu ciwon suga cin kofi guda na dafaffen wake kullum har wata uku, sai sugansu da hawan jininsu suka sauka fiye da na waɗanda aka ƙara wa abincin alkama mai dusa.

Najeriya da Nijar su ne kan gaba a duniya wajen noman wakenmu na gida, amma da yawanmu da mun samu hali sai mu mayar da shi abincin talaka. Idan mai ƙiba ya tambaye ni, nakan ce ya rinjayar da wake a kan shinkafa a kwano, ya fifita alale a kan ƙosan da ya sha mai. Mai ciwon ƙoda kaɗai nake cewa ya fara jin ta bakin likitansa.