Rubuce-rubucen Sarkin Musulmi Muhammadu Bello Kan Ilmin Magani da Yadda Za a Auna Tasirinsu



A jami'o'inmu na yau, in malami mai bincike kan kiwon lafiya ya nemi ƙarin girma, tambaya biyu ake fara yi masa: maƙala nawa ya wallafa, kuma sau nawa waɗansu masana suka ambace shi cikin nasu rubuce-rubucen. Nufina shi ne in aza waɗannan tambayoyi a kan mutumin da ya fi kowa rubutu kan magani cikin shugabannin jihadi, watau Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya gina wannan gari na Sakkwato a 1809, ya kuma riƙi sarauta daga 1817 har rasuwarsa a Wurno a 1837. Ta haka za mu ga abin da ma'aunin ke iya kamawa da abin da ke kuɓuce masa.

Shi wannan ma'auni ba tsoho ba ne. Wani Ba'amurke, Eugene Garfield, ya kawo shawararsa a 1955 cikin mujallar Science, cewa a riƙa tattara sunayen littattafai da maƙalun da kowane marubuci ya kafa hujja da su, don a san wa ke dogara da wa. A 1964 kamfaninsa ya fara fitar da kundin ambato na kimiyya, a 1975 kuma, shekarar da aka kafa Jami'ar Sakkwato, aka fara buga jadawalin da ke jera mujallu gwargwadon yawan ambatonsu. Sai a 2005 wani masanin kimiyya, Jorge Hirsch, ya ƙago lambar da ake kira ma'aunin h. Lissafinta mai sauƙi ne: in mutum yana da maƙala 12 waɗanda aka ambaci kowace ɗaya aƙalla sau 12, to lambarsa 12 ke nan. Da Google Scholar da Scopus, waɗanda suka fito a 2004, kowa na iya duba lambar abokin aikinsa cikin minti guda, kuma na san ana dubawa, ko da ba a faɗa.

To, mu koma ga tambaya ta farko. Littattafan Bello sun haura ɗari, kuma kimanin goma daga ciki kan magani suke. Iri biyu ne. Akwai waɗanda suka tattara abin da ya zo cikin hadisai da maganganun magabata game da lafiya da jinya, kamar Al-Mawaridun Nabawiyya da Ujalatur Rakib. Akwai kuma waɗanda suka fi jan hankalina, watau gajerun takardu da kowace ta ɗauki cuta guda ko magani guda ta tsaya a kansa. Masugul Lujaini kan ciwon ido yake. Al-Ƙaulul Manthur kan basir. Tanbihul Ikhwan ala Adwiyatid Didan kan magungunan tsutsar ciki. Akwai wasiƙa kan cututtukan ƙoda, akwai kuma Al-Ƙaulus Sana, wanda ya keɓe ga ganye ɗaya tak, watau filasko, da yadda ake wanke ciki da shi. Duk likitan da ya dubi wannan jeri zai gane fasalinsa, domin haka maƙalar mujalla take: matsala guda, abin da aka sani a kanta, da abin da za a yi wa majinyaci. Kuma cututtukan da ya zaɓa ba na littafi ba ne, su ne waɗanda ke damun mutanen da yake mulka, sojansa da talakawansa. Filasko kuwa har yanzu yana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya.

Ba shi kaɗai ba ne a gidansu. Baffansa Malam Abdullahi na Gwandu ya rubuta Masalihul Insan, wanda ya haɗa gyaran addini da lafiyar jiki, 'yar'uwarsa Nana Asma'u kuma ta rubuta Tabshirul Ikhwan a 1839, kan neman waraka da surorin Alƙur'ani. Amma Bello ya fi su nacewa ga abin da hannu ke taɓawa, kuma muna da shaidar baƙo a kan haka. Lokacin da Hugh Clapperton ya iso Sakkwato a watan Maris na 1824, abokin tafiyarsa, likita Walter Oudney, ya riga ya mutu a hanya kusa da Katagum. Bello ya nuna takaicinsa ƙwarai, ya kuma nemi Sarkin Ingila ya aiko masa da likita da zai zauna a nan. Tafiya ta biyu ta taso daga Ingila a 1825 da likitoci biyu, Dickson da Morrison, amma babu wanda ya iso cikinsu. Abin da ya iso a 1826 shi ne Clapperton da tsarabar littattafan Larabci, ciki har da na lissafin Uƙlidis da na Ibn Sina. Sarkin da ke roƙon likita da littafi daga bayan teku, alhali yaƙi bai ƙare ba, lalle ba don ado yake rubutu kan magani ba.

Tambaya ta biyu ita ce mai wuya. Da farko dai kada wani ya zaci ambato baƙon abu ne da Garfield ya koya mana. Wanda ya karanta littattafan Shehu ko Abdullahi ko Bello ya san salonsu: a kawo sunan malami, a kawo sunan littafinsa, a naƙalto maganarsa, sa'an nan a sa kalmar intaha don mai karatu ya san inda maganar wani ta ƙare, ta marubuci ta soma. Wani shafin ma kusan duk naƙali ne. Malaman hadisi kuwa sun fi mu tsanani, domin ba su tsaya ga ƙidayar masu ruwaya ba, sai sun binciki kowane ɗaya, mai gaskiya ne ko maƙaryaci, mai kiyayewa ne ko mai mantuwa. Watau su suna auna ambato, mu muna ƙirga shi.

Bayan naƙali, zamanin Bello yana da wani ma'auni, shi ne kwafa. Babu ɗab'i, takarda kuwa daga Tarabulus da Masar fatake ke kawo ta da tsada. Mutum ba zai ɓata tawadarsa da takardarsa da kwanakinsa yana kwafar abin da ba ya bukata ba. Saboda haka kowane kwafin da ya tsira ambato ne wanda aka biya kuɗinsa. Ana iya bin sawun wannan, domin kundin da John Hunwick ya fitar a 1995 kan rubuce-rubucen Larabci na wannan yanki ya jera littattafan Bello, ya kuma nuna inda kwafe-kwafen kowane suke, a Sakkwato ko Kaduna ko Ibadan ko Zariya ko Turai.

Sai dai in mun riƙe wannan ma'auni da gaskiya, ba zai faranta mana rai ba. Sunan Bello ya yaɗu ne da Infaƙul Maisuri na 1812 da littattafansa na mulki, ba da na magani ba. Na taɓa zama a zauren wani dattijon malami a Gidan Igwai, wanda mutane ke zuwa wurinsa neman taimako. Da na tambaye shi littafin da yake dubawa, sai ya jawo wani bugun kasuwa mai jar takarda, duk gefensa ya cinye don yawan buɗawa. Ar-Rahma fiɗ Ɗibbi wal Hikma ne. Takardar Bello kan ciwon ido kuwa, wadda aka rubuta a wannan ƙasa tamu, bai taɓa riƙe ta ba. Ban ga laifinsa ba: ɗaya ana sayar da shi a bakin masallaci, ɗaya yana kulle cikin ma'ajiya.

Abin lura a nan shi ne, littafin Rahma yana yawo da sunan Imam Suyuɗi, masanin Masar da ya rasu a 1505, wanda ya yi fice a ƙasar Hausa tun lokacin da ya rubuto wa sarakunan Katsina da Agadas wasiƙa. Masu bincike sun nuna cewa ba nasa ba ne. Asalinsa ana danganta shi ga wani malamin Yaman da ake kira Sanaubari, wanda ya rasu a 1412, tun ba a haifi Suyuɗi ba. Ga littafin da ya fi kowane karɓuwa wurin masu magani, amma ladan ambaton yana tafiya ga wanda bai rubuta shi ba, don kawai sunansa ya fi girma. Masanin zamantakewa Robert Merton ya bayyana irin wannan ɗabi'a cikin kimiyyar zamani a 1968: wanda ya riga ya yi suna shi ake ƙara ambata, ƙaramin da ya yi aikin a manta da shi. Ƙaramin malamin da ya ga sunan shugaban sashensa a gaban nasa, kan maƙalar da shi ya kwana yana rubutawa, ba ya bukatar a fassara masa Merton.

Ban ce a zubar da ƙidaya ba. Ta fi son rai da sanayya, waɗanda su ne za su maye gurbinta in an kore ta. Amma ku ma'aikata da ke zama cikin kwamitocin ƙarin girma da rabon kuɗin bincike, ku dubi wani misali na kusa. A 1999 aka buɗe asibitin yara na musamman a nan Sakkwato don cutar nan mai zaizaye baki da fuskar yara, wadda likitoci ke kira noma. Cuta ce ta 'ya'yan talakawa masu fama da tamowa, kuma sai a watan Disamba na 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su. Likitan da ya ba da rayuwarsa ga bincikenta, wa zai ambace shi? Masu rubutu a fannin 'yan kaɗan ne, don haka lambarsa ba za ta taɓa kai ta mai rubutu kan ciwon zuciya ko ciwon sukari ba, ko da aikinsa ya fi nagarta. In da lamba kaɗai za mu yi hukunci, to muna gaya wa yaranmu masu basira su bar cututtukan ƙofar gidansu su bi na inda masu ambato suka yi yawa, alhali hanyar da Bello ya bi ita ce akasin haka. Ko a can inda aka ƙago ma'aunin, editoci da masana sun taru a San Francisco a 2012 suka yi sanarwar cewa a daina auna mai bincike da darajar mujallar da ya yi rubutu a ciki, a karanta aikin kansa.

Game da Bello kuwa, akwai aikin da ɗalibin likita da ɗalibin Larabci za su iya haɗa kai su yi. Ismail Abdalla ya share fage da littafinsa na 1997 kan Musulunci da magani da masu magani a Arewa. Abin da nake so in gani shi ne a ɗauki takarda guda, a ce ta filasko, a tattaro kwafe-kwafenta daga Hukumar Tarihi ta Waziri Junaidu da Gidan Adana Tarihi na Kaduna da hannun iyalan malamai, a rubuta sunan kowane makwafi da garinsa da shekararsa in ya sa su. Sa'an nan a karanta gefen shafi da kyau, domin a nan ne mai amfani da littafi kan rubuta sunan ganye da ajami, da Hausa ko Fulatanci, ko ya gyara awon da ya gwada ya ga ya yi wa majinyaci yawa.