Abin da Ya Kamata Iyaye su Sani Game da Aji Huɗu Zuwa Shida na Firamare a Ƙasar Wasagu

Wasagu na ɗaya daga cikin ƙasashe biyar da suka haɗu suka zama Masarautar Zuru, sauran su ne Dabai da Danko da Fakai da Sakaba. Ta fuskar mulki tana cikin Ƙaramar Hukumar Danko/Wasagu mai hedikwata a Ribah, kuma makarantun firamaren gwamnati da ke cikinta suna ƙarƙashin ofishin Sakataren Ilmi na ƙaramar hukuma, wanda shi kuma ke ƙarƙashin Hukumar Ilmin Bai-Ɗaya ta Jiha, wato SUBEB, da ke Birnin Kebbi. Wannan bayani ya shafi manyan azuzuwan firamare, daga aji huɗu zuwa aji shida, inda yara 'yan shekara 9 zuwa 11 ko 12 ke karatu.

Matsayin waɗannan azuzuwa

An ƙaddamar da shirin ilmin bai-ɗaya na UBE a Sakkwato ranar 30 ga Satumba, 1999, aka kuma yi masa doka a 2004. Dokar ta wajabta wa kowane yaro karatun shekara tara kyauta: shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare. Manhajar da ta fara aiki a 2008 ta raba shekarun nan gida uku, wato aji ɗaya zuwa uku, aji huɗu zuwa shida, sai ƙaramar sakandare. Ke nan aji shida ba shi ne ƙarshen karatun dole ba, kamar yadda wasu iyaye ke ɗauka har yanzu tun zamanin UPE na 1976. Yaron da ya gama shi yana da sauran shekara uku a gabansa.

Batun harshe

Babban abin da ke sauyawa a aji huɗu shi ne yadda ake amfani da karatu. A ƙananan azuzuwa yaro na koyon haɗa baƙi ne. Daga aji huɗu kuwa ana ɗauka ya riga ya iya, saboda haka ana ba shi littafin kimiyya ko na zamantakewa ya karanta ya fitar da ma'ana da kansa, ana kuma cika allo da rubutu ya kwafa, duk da Turanci.

Manufar Ilmi ta Ƙasa, wadda aka fara fitarwa a 1977, ta tanadi a koyar da yaro da harshen yankinsa a shekarun farko, sannan Turanci ya karɓi ragama daga baya, kuma aji huɗu ne aka saba ɗauka a matsayin mahaɗar. A 2022 Gwamnatin Tarayya ta amince da a yi duk shekara shida na firamare da harshen uwa, amma a Nuwamba 2025 Ministan Ilmi, Dokta Tunji Alausa, ya sanar da soke wannan tsari, aka mayar da Turanci harshen koyarwa a dukkan matakai. Masana na ci gaba da muhawara a kan hakan. Abin da ba ya cikin muhawara shi ne, da Turanci ake rubuta jarrabawar da ke jiran yaro a gaba.

Wannan nauyi ya fi yawa a ƙasar Zuru fiye da wurare irin su Gwandu ko Argungu. Yaron da ya tashi a gidan Lelna, waɗanda aka fi sani da Dakarkari, ko a rugar Fulani, ko a gidan Kambari, yana jin harshe ɗaya a gida, ya koyi Hausa a kasuwa da wurin wasa, sannan ya tarar da Turanci a aji a matsayin harshe na uku. Wannan ba naƙasu ba ne, domin yaron da ke sarrafa harsuna biyu tun yana ƙarami ba a ce masa dolo. Sai dai idan ya shigo aji huɗu bai iya karatu ba, abu ne mai sauƙi ya ɓoye a cikin jama'a. Zai riƙa amsawa tare da 'yan aji idan malam ya ce a maimaita, zai kwafi abin da ke allo da rubutu mai kyau kamar mai zana hoto, ya ci gaba da haurawa aji zuwa aji, ba wanda zai gane sai ranar da aka ajiye masa takardar jarrabawa shi kaɗai.

Uba ko uwa na iya gano wannan a gida ko da ba su yi boko ba. A sa yaro ya buɗe littafinsa a shafin da ba a riga an yi a aji ba, ya karanta da ƙarfi, sannan ya rufe ya faɗi abin da shafin ke cewa da Hausa ko da harshen gida. Wanda ya fahimta zai ba da labari, wanda ya haddace kawai zai yi shiru ko ya sake rero Turancin. Haka nan a duba littafin aikinsa: akwai kwanan wata a kai a kai? Akwai jan biron malam? Littafin da ya yi wata guda ba alamar gyara a cikinsa dalili ne na zuwa wurin hedimasta a tambaya cikin ladabi.

Darussa

Bayan Turanci da lissafi, ana koyar da kimiyya da fasaha, harshen Nijeriya ɗaya, ilmin addinin Musulunci ko na Kirista gwargwadon addinin yaro, zamantakewa da sanin haƙƙin ɗan ƙasa, wasanni da kiwon lafiya, zane da al'adu, da share fagen sana'a wanda ya ƙunshi noma da tattalin gida. Manhajar da aka sabunta a 2025 ta sanya tarihin Nijeriya da sanin makamar kwamfuta a cikin darussan wannan mataki. A lissafi ana barin ƙidaya da tsakuwa a shiga ninkawa da rabawa masu tsawo, da rabi da sulusi da rubu'i, da kashi cikin ɗari, da awo, da riba da faɗuwa. Wannan ma ana iya gwada shi a gida: ɗan aji biyar ya kamata ya iya lissafa kuɗin mudu 15 na dawa idan an faɗa masa farashin mudu ɗaya, ya kuma faɗi canjin da za a mayar.

Damina, kaka da rajista

Shekarar karatu zango uku ce, tana farawa a Satumba ta ƙare wajen Yuli. Duk manomi ya san inda gizo ke saƙar: zangon farko ya faɗo a lokacin girbin masara da shinkafa da dawa, zango na uku kuma a lokacin shuka da noman fari. Kuma daidai wannan shekaru ne yaro ya isa riƙe fartanya ko kora shanu, yarinya kuma ta isa ɗaukar talla ko goyon ƙane. Ba a hana yaro taimaka wa iyayensa da yamma ko a ranakun hutu ba. Matsalar ita ce fashin mako biyu ko uku a jere, domin ba da jarrabawar ƙarshen zango kaɗai ake auna yaro ba. Ana tara makin gwaje-gwaje da aikin aji tun daga farkon zango a haɗa. Wanda ya yi fashi ya rasa makin, ya kuma rasa darasin da na gaba ke ginuwa a kansa, musamman a lissafi.

Dokar 2004 ta tanadi hukunci ga uban da ya ƙi kai ɗansa makaranta: gargaɗi a karo na farko, tarar Naira 2,000 ko ɗaurin wata ɗaya a karo na biyu, sannan Naira 5,000 ko wata biyu bayan haka. Ta kuma haramta karɓar kuɗin makaranta a makarantun gwamnati a wannan mataki. Hakimai da dagatai da masu unguwanni za su fi cin nasara da nasiha da bibiyar rajista fiye da ambaton tara. Hanyar da ke hannunsu ita ce kwamitin kula da makaranta na al'umma, wato SBMC, inda ake da wakilan iyaye maza da mata da masu sarauta da malaman addini. Kwamitin na da damar tambayar yawan malamai da yawan yara. Manufar Ilmi ta ce malami ɗaya ga yara 35, kuma mafi ƙarancin takardar malami ita ce NCE. Inda abin ya gaza haka, a rubuta wa Sakataren Ilmi a Ribah.

Tsaro

Ba za a yi maganar makaranta a wannan yanki a tsallake batun 'yan bindiga ba. A ranar 17 ga Nuwamba, 2025, an kai hari sakandaren 'yan mata ta gwamnati da ke Maga, a cikin wannan ƙaramar hukuma, aka kashe mataimakin shugaban makarantar, aka sace ɗalibai 25, waɗanda suka kuɓuta kafin ƙarshen watan. Fargabar iyaye tana da dalili. Ana shawartar yara su riƙa tafiya rukuni-rukuni, iyaye su riƙe lambar wayar hedimasta, a kuma kai rahoton duk baƙuwar fuska ga mai unguwa da jami'an tsaro. Iyalin da rashin tsaro ya tilasta wa ƙaura su riƙe katin sakamakon yaro tare da muhimman takardunsu, su kai shi makaranta mafi kusa da inda suka sauka, domin katin ne zai nuna ajin da ya dace da shi.

Shirin fita aji shida

Tun zangon farko na aji shida a tabbatar yaro na da takardar haihuwa daga Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, kuma sunansa da ranar haihuwarsa iri ɗaya ne a takardar da rajistar makaranta, saboda gyaran suna bayan an girma wahala ce. Masu son kwalejojin tarayya, waɗanda a Jihar Kebbi akwai su a Zuru da Birnin Yauri da Gwandu, su sani hukumar NECO ce ta saba shirya jarrabawar shiga irin waɗannan makarantu. Ka'idojin shiga, na tarayya da na jiha, kan sauya daga shekara zuwa shekara, saboda haka a nemi na shekarar da ake ciki daga hedimasta da wuri, kafin a rufe rajista.