Cape Epic

Cape Epic gasa ce ta tseren keken hawan dutse da ake yi kowace shekara a lardin Western Cape na ƙasar Afirka ta Kudu, galibi a watan Maris. Ana shafe kwana takwas ana yin ta, a kan tazarar kusan kilomita 700, kuma idan aka haɗa hawan tudun da ke cikinta yakan kai kimanin mita 15,000. Abin da ya fito da sunanta shi ne 'yan dagaji, wato masu tuƙa keke don sha'awa ba don sana'a ba, suna bin hanya ɗaya a rana ɗaya da ƙwararrun duniya. Su ne ma mafi yawan mahalarta.

Tarihi

Kevin Vermaak, ɗan Afirka ta Kudu, shi ne ya kafa gasar bayan ya halarci tseren La Ruta de los Conquistadores a ƙasar Kosta Rika. An fara ta a shekarar 2004, daga garin Knysna zuwa yankin Stellenbosch, inda Karl Platt na Jamus da Mannie Heymans na Namibiya suka zo na ɗaya. Bankin Absa ne babban mai ɗaukar nauyinta, shi ya sa ake kiran ta Absa Cape Epic. Ana sauya hanyar kowace shekara. An soke gasar 2020 saboda annobar korona, ta 2021 kuma aka yi ta a watan Oktoba.

Dokoki da halin 'yan dagaji

Ba a shiga gasar mutum ɗaya, sai bibbiyu. Dole abokan tafiyar su kasance tare, kada ratar da ke tsakaninsu ta wuce minti biyu, in ba haka ba a hukunta su. Wannan doka ce ta fi gwada 'yan dagaji, domin mai ƙarfi ba shi da damar barin ɗan'uwansa a baya. Sai ya rage gudu, ya tare masa iska, ya tsaya su gyara tayar da ta fashe ko sarƙar da ta tsinke. Zaɓen aboki mai ƙarfi daidai da na mutum ya fi tsadar keke muhimmanci.

Kowace rana tana da wa'adin da za a kammala ta. Wanda ya wuce wa'adin sau ɗaya, akan ba shi shuɗin allon lamba ya ci gaba da tafiya, amma ba za a lissafa shi cikin waɗanda suka kammala ba. Zangon da ƙwararre zai gama cikin awa huɗu ko biyar, ɗan dagaji kan kusan ninka wannan lokaci a kansa, cikin zafi da ƙura, ga yashi da duwatsu. Saboda haka shi ne yake samun hutu mafi ƙaranci kafin washegari, kuma da yawansu a tanti suke kwana a sansanin gasar. Burin akasarinsu ba kofi ba ne, su dai su kai ranar ƙarshe.

Samun gurbi ma ba sauƙi. Masu nema sun fi guraben yawa, don haka akan raba wasu ta hanyar ƙuri'a, ga kuɗin rajista mai yawa da watanni na atisaye, abin da ke sa gasar ta fi ƙarfin talaka. An ware kyauta ta musamman ga matasan ƙasar da suka fito daga al'ummomin da mulkin wariyar launin fata ya danne.

Akwai rukunin maza, na mata, na mace da namiji, da na masu shekara 40 zuwa sama da kuma 50 zuwa sama. Duk wanda ya kammala gasar sau uku yakan shiga ƙungiyar Amabubesi, kalmar Zulu mai nufin zakuna.