Boerewors: naman hanji da ya fito daga cinikin shanu

Ɗan'uwa makiyayi, da kai ɗan kasuwar bakin iyaka, idan tafiya ta taɓa kai ka Afirka ta Kudu, ko Namibiya, ko Zimbabuwe, ka ga wani nama a kan wayar gashi a nannaɗe kamar gammo. Shi ne boerewors. Da harshen Afirkans, boer manomi ne, wors kuma niƙaƙƙen nama da aka ɗura cikin hanji. Sunansa na manoma ne, amma labarinsa da makiyaya ya fara.

A 1652 wani Bature mai suna Jan van Riebeeck ya sauka inda birnin Cape Town yake a yau. Kamfanin cinikin Holan ne ya turo shi ya kafa zango, domin jiragen ruwa masu zuwa Asiya su riƙa samun nama da ganye da ruwan sha. To, Turawan ba su zo da garke ba. Shanu da tumaki suna hannun Khoikhoi, makiyayan wurin, sai aka shiga musaya: tagulla da taba da duwatsun wuya a ba da dabba. Kai da ka san kiwo ka san inda gizo ke saƙar. Makiyayi yakan sayar da tsohuwar saniya ko bijimi, ba ya sakin karsana, su kuwa jirage kullum ƙari suke nema. A 1657 kamfanin ya fara yanka wa ma'aikatansa gonaki a bakin kogin Liesbeek, daidai wurin da Khoikhoi ke kiwo. Shekara 2 bayan haka yaƙi ya ɓarke. Abin da yaƙi ya rage, cutar agana ta 1713 ta ƙarasa, har jikokin masu garke suka koma kiwon shanun wasu.

Waɗancan jiragen su ne kuma suka kawo kanumfari da sauran kayan ƙamshi daga Asiya. Dabarar ɗura nama a hanji daga Turai ta zo. Aka haɗa da koriyanda, wadda ake soya ƙwayarta kafin a daka, da gishiri da ruwan khal.

Daga 1835 manoman suka fara ƙaura zuwa cikin ƙasa da amalanken shanu, tafiyar watanni ba firji. Sai su ɗura naman a siririn hanji su rataye shi ya bushe, ana kiransa droëwors. Ɗan'uwansa shi ne biltong. Matsalar da kilishi ya magance mana ita suka magance, sai dai mu muna shanyawa a rana mu shafa labu, su kuwa khal da iska suka dogara da su.

Yau har doka gare shi. Tun 1990 ba a yarda ka kira abu boerewors ba sai kashi 90 cikin 100 nama ne, kitse kuma kada ya wuce kashi 30, kayan ciki ba sa shiga. Naman sa ne ginshiƙi, amma a kula: da yawa ana garwaya shi da alade, wani lokaci hanjin ma na alade ne. Musulmin Cape Town sun daɗe suna yin nasu da sa da rago. In ka je, tambayi na halal, ka tambayi hanjin ma, kada kunya ta hana ka.

Wajen gashi, garwashi ake so wanda ya kwanta, ba harshen wuta ba. A ɗora shi a nannaɗe yadda yake, wasu kan soke shi da tsinke biyu a gicciye don ya juyu gaba ɗaya. Kada a huda shi da cokali mai yatsu, romon zai tsiyaye a bar ka da busasshen abu. Ni dai a ganina nan ne masu gaggawa ke ɓata shi. An fi cinsa da pap, wato tuwon masara, da miyar tumatir da albasa. A bakin filin ƙwallo kuma a tsaga burodi a sa guntu da soyayyar albasa. Wasu su yayyanka shi cikin tukunyar ƙarfe mai ƙafa uku ya dahu da dankali.

A unguwannin baƙar fata irin su Soweto akwai shisa nyama, wato ƙona nama da harshen Zulu: ka saya wurin mahauci, a gasa maka nan take. Ranar 24 ga Satumba, ranar al'adun ƙasar, mutane da yawa suna kiranta ranar gashi, kuma a 2007 Desmond Tutu ya karɓi zama uban wannan biki. Wasu 'yan ƙasar har yanzu suna ƙorafin cewa hayaƙin gashin ya rufe tarihin da aka ware ranar dominsa.