Tarihin Haɗin Roba da Ma'adini a Gyaran Ƙashi

Haɗin roba da ma'adini kayan aikin likita ne da ake samu idan aka cakuɗa abu mai lanƙwasa da garin ma'adini mai tauri. Ƙashin mutum shi ne samfurin da ake kwaikwayo: kusan kashi biyu bisa uku na nauyinsa ma'adinin haidiroksi'afatait ne, sauran kuwa zaren kolajin da ruwa. Ma'adinin ke ɗaukar nauyi, zaren ke hana tsaga ta zarce.

A Salaga da Yandi da Bawku na arewacin Gana, masu ɗori sun gaji riƙe karaya daga waje, da ƙananan sanduna da ƙyalle da man kaɗanya. Haɗin da jama'ar can suka fi sani shi ne filastar asibiti, wadda wasu ke kira siminti: bandeji da aka cika da garin jifsum. Likitan sojan Holan, Antonius Mathijsen, ya ƙirƙiro ta. Wasu littattafai na cewa 1851, wasu 1852. A 1851 ya fara aiki da ita, a 1852 ya wallafa bayaninta.

Shigar da haɗin cikin jiki ya zo daga baya. Wajajen 1960 John Charnley ya kafa ƙugun roba da ƙarfe da simintin akirilik a Ingila, a 1962 kuma Rafael Bowen na Amurka ya sami rajistar robar cikon haƙori da ake haɗawa da garin silika.

Matakin da ya fi muhimmanci na William Bonfield ne, a Kwalejin Queen Mary ta Landan, a 1981. Ƙarfen tiyata ya ninka ƙashi tauri kusan sau goma, sai ya ƙwace nauyin da ya kamata ƙashi ya ɗauka, ƙashin da ba ya aiki kuwa sirancewa yake. Bonfield ya zuba haidiroksi'afatait cikin robar foliyetilin har kashi 40 cikin 100 na girmanta. Wannan haɗi, HAPEX, taurinsa ya kusanci na ƙashi, sabon ƙashi kuma yana manne masa kai tsaye. Da yake ba ya iya ɗaukar nauyin cinya, an fara da gyaran kwarmin ido, sannan ƙananan ƙasusuwan kunne daga 1995.

A arewacin Gana, karaya mai tsanani Asibitin Koyarwa na Tamale ake kai ta, amma da yawa ƙofar mai ɗori suke fara ƙwanƙwasawa.