Littafin Laƙabi

Ranar da nake kwashe kayana daga ofis, wani yaro ya buɗe tsohon aikinmu ya tuntsire da dariya: "Baba, wai mene ne slg_ da ynd_ da bwk_ a gaban kowane suna?" Salaga, Yendi, Bawku ke nan, rassa ukun da muka rubuta wa manhajar lissafi. Bai ga zamanin da harshen C ke zuba sunaye duka a kwando ɗaya ba. Ka ce "jimla", abokin aikinka ma ya ce "jimla", ranar haɗa aiki komai ya tsaya cik.

Maigidana, Allah ya jiƙansa, littafi yake ajiyewa a aljihun tebur. Ba ka buga ko harafi sai ya rubuta maka laƙabinka da jar biro. Haruffa uku kacal, domin ƙa'idar C ta 1989 haruffa 6 na farko kaɗai ta lamunce za a bambance a sunan waje. Yakan ce mu 'yan zango mun riga kwamfuta sanin wannan. Umaru nawa ne a Salaga? Amma in an ce Alhaji Umaru Karaci, kowa ya san malamin da ya bar Salaga bayan yaƙin 1892. Daga nan hira ta karkata zuwa fataucin goron Gwanja, aiki sai bayan la'asar.

Daga baya harsuna suka kawo mafita: Java ta zo a 1995 da juya adireshin intanet ya zama laƙabi, gh na ƙarshen adireshinmu ya dawo gaba. C++ ta tabbatar da gidajen sunaye a ƙa'idar 1998. PHP ta ja ƙafa har 2009, muna ta jera sunaye masu tsawon rawani. Littafin ya yi ƙura, kuma ban ɓoye ba, na yi murna.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, an gina wa yaran yau gida, amma sai su sa alamar tauraro su kwaso kayan maƙwabci kaf su zube a tsakar gida. Bara wani ya raɗa wa fayil ɗinsa random.py, ya danne na Python na asali, ya kwana biyu yana zargin kwamfuta. Da maigidana ne, tun a bakin tebur zai tare shi.

Na miƙa wa yaron littafin. Ya juya shafi biyu, ya ce, "Baba, ba ku da shi a PDF?"