Jinin da Ba a Auna Ba: Bitar Manyan Gwaje-gwajen Asibiti kan Zubar Jini Bayan Haihuwa, 2017 zuwa 2024

Tsakure

Wannan maƙala ta yi bitar manyan gwaje-gwajen asibiti huɗu da aka gudanar kan zubar jini bayan haihuwa, waɗanda duka an yi wani ɓangarensu a asibitocin Najeriya: WOMAN na 2017, CHAMPION na 2018, E-MOTIVE na 2023 da WOMAN-2 na 2024. An duba tsarin kowane gwaji, da matan da ya shafa, da abin da ya auna. Bitar ta nuna cewa ragi mafi girma bai zo daga sabon magani ba. Ya zo ne daga gane zubar jinin da wuri ta hanyar awo, da kuma ba da magungunan da aka daɗe da sani a lokaci guda. Haka kuma ta nuna inda hujjar ta tsaya: ba ta kai ga mai haihuwa a gida ba, kuma ba ta warware matsalar mai ƙarancin jini ba.

Gabatarwa

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mata 260,000 ne suka rasu sanadin ciki da haihuwa a shekarar 2023, kuma kimanin 75,000 daga cikinsu a Najeriya suke, wato sama da kashi ɗaya cikin huɗu. Zubar jini ce kan gaba a musabbaban wannan mutuwa. A 2023 hukumar ta ce duk shekara mata kusan miliyan 14 ke gamuwa da zubar jini bayan haihuwa, kimanin 70,000 kuma su mutu.

Ma'anar da aka daɗe ana aiki da ita a asibiti ita ce zubar jinin da ya kai mililita 500 cikin awa 24 bayan haihuwa. Idan ya kai 1,000 sai a kira shi mai tsanani. Musabbabansa huɗu ne. Mafi yawa, kusan kashi 70 cikin 100, mahaifa ce ke ƙin tsukewa bayan faɗuwar mabiyiya. Sauran su ne yagewar bakin mahaifa ko gaba, da ragowar mabiyiya da ta maƙale, da rashin daskarewar jini. Abin da ya sa lamarin ke da gaggawa shi ne, a ƙarshen ciki jinin da ke kwarara zuwa mahaifa yakan kai rabin lita ko fiye a minti ɗaya. Tsukewar naman mahaifa ce ke matse jijiyoyin da mabiyiya ta bari a buɗe. In ta saki jiki, mace mai lafiya na iya galabaita kafin a gama yi wa jariri sutura.

Tambayar da wannan bita ta ɗauka ita ce: tun da akwai magunguna masu arha da aka tabbatar suna aiki, a wane mataki ne ake rasa matan?

Hanyar bita

An zaɓi gwaje-gwajen da aka raba mahalarta gida biyu ta hanyar ƙuri'a, waɗanda suka haɗa mata fiye da 10,000 kowanne, kuma aka buga sakamakonsu a mujallun The Lancet ko New England Journal of Medicine. An ƙara da wasu ƙananan nazarce-nazarce na Najeriya a wurin tattaunawa domin fassara sakamakon.

Sakamako

Gwajin WOMAN, wanda Makarantar Tsafta da Cututtukan Ƙasashe Masu Zafi ta Landan ta jagoranta, ya haɗa mata 20,060 a asibitoci 193 na ƙasashe 21. Duk matan an riga an tabbatar suna zubar da jini. Rabi aka yi musu allurar tiranekzamik asid giram 1 ta jijiya, maganin da ke hana gudan jini narkewa. Sauran aka ba su allurar da ba magani a ciki. Mutuwa sanadin zubar jini ta kasance kashi 1.5 cikin 100 a rukunin magani, kashi 1.9 a ɗaya rukunin. Amma da aka ware waɗanda suka sami allurar cikin awa 3 da haihuwa, sai tazarar ta buɗe: 1.2 da 1.7, ragin kusan kashi ɗaya cikin uku. Bayan awa 3 ba a ga amfani ba. Maganin bai rage cire mahaifa ba, bai kuma ƙara toshewar jijiyoyi ba, wadda ita ce fargabar da likitoci ke da ita a da. Wani nazari na 2018 da ya haɗa bayanan wannan gwaji da na masu zubar jini sanadin haɗari ya gano cewa kowane jinkirin minti 15 na rage amfanin maganin da kashi 10 cikin 100.

CHAMPION na Hukumar Lafiya ta Duniya ya taɓo wata damuwa dabam. Oksitosin, allurar da ake yi wa kowace mace bayan fitowar jariri don mahaifa ta tsuke, tana buƙatar sanyin firji, tsakanin digiri 2 zuwa 8. An gwada ta da kabetosin mai jure zafi a kan mata 29,645 a ƙasashe 10. Zubar jinin da ya kai mililita 500 ko buƙatar ƙarin magani ya kasance kashi 14.5 a rukunin kabetosin da 14.4 a na oksitosin, wato kunnen doki. A kan zubar da ta kai 1,000 an sami 1.51 da 1.45, amma lissafi bai kai matakin tabbatar da daidaito ba saboda ƙarancin waɗanda abin ya samu.

E-MOTIVE ya cancanci a tsaya a kansa. Jami'ar Bamingam ta Ingila ce ta jagorance shi tare da Hukumar Lafiya ta Duniya, kuma a Najeriya Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero da ke Kano ce ta riƙe ragamarsa. An yi ƙuri'ar a kan asibitoci ne, ba a kan mata ɗaiɗai ba: asibitoci 80 masu matsakaicin girma a Kenya, Najeriya, Afirka ta Kudu da Tanzaniya, 38 daga cikinsu a Najeriya, da mata 210,132 da suka haihu da kansu ba tiyata ba.

Ga yadda abin yake a ɗakin haihuwa. Da zarar jariri ya fito, sai a shimfiɗa wa uwa wata leda ƙarƙashin ƙugu. Ƙasan ledar ya zarce bakin gado ya zama aljihu mai tsini, an zana masa layuka na awo. Duk jinin da ya fito can yake taruwa, maimakon ya bi zani da katifa da daɓe. Ungozomar asibiti na duba aljihun kowane minti 15 a awar farko, tana taɓa mara ta ji ko mahaifa ta yi tauri, tana auna bugun zuciya da ƙarfin jini. In jini ya kai layin 500, ko ya kai 300 tare da wata alamar haɗari, ba a jiran komai. A murza mahaifa ta saman ciki, a yi allurar oksitosin, a ba da tiranekzamik asid, a ɗaura ƙarin ruwa, a duba gaba ko akwai yagewa ko ragowar mabiyiya, in abin ya ƙi tsayawa a kira na gaba. Duk a tare ake yi, kuma kayan suna cikin akwati ko keke ɗaya da ke kusa da gado. A asibitocin kwatanci ma an shimfiɗa leda, amma marar layukan awo, domin masu bincike su auna jinin a sikeli daga baya ba tare da ma'aikata sun ga adadin ba.

Abin da aka auna shi ne haɗakar abu uku: zubar jinin da ya kai mililita 1,000, ko tiyatar buɗe ciki don tsayar da jini, ko mutuwa sanadinsa. An same shi a kashi 1.6 cikin 100 a asibitocin sabon tsari, da 4.3 a na kwatanci, ragin kashi 60 cikin 100. A taƙaice, cikin kowaɗanne mata kusan 37 da suka haihu ƙarƙashin tsarin, ɗaya ta tsira daga mummunan sakamako. Sai dai a ganina alƙaluman da suka fi ɗaukar hankali su ne na gefe. A asibitocin kwatanci, ma'aikata sun gane kashi 51.1 ne kawai na matan da sikeli ya nuna sun zubar da jini fiye da ƙima. Inda ake da leda mai awo an gane 93.1. Haɗa dukan matakan jinya kuwa ya tashi daga kashi 19.4 zuwa 91.2.

WOMAN-2 ya ɗauki mata 15,068 masu matsakaici ko tsananin ƙarancin jini a asibitoci 34 na Najeriya, Pakistan, Tanzaniya da Zambiya. An ba su tiranekzamik asid a matsayin rigakafi cikin minti 15 da ɗaure cibiya. Zubar jini ta samu kashi 7.0 na masu magani da 6.6 na marasa shi. Ba a ga bambanci ba.

Tattaunawa

In aka jera sakamakon nan, abu ɗaya ke fitowa fili. Duk magungunan da ke cikin E-MOTIVE an san su tun kafin gwajin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da tiranekzamik asid don wannan aiki tun 2017. Abin da ya ɓata shi ne ido. Rabin matan da ke zubar da jini suna kwance a gaban ƙwararrun ma'aikata ba a san suna cikin haɗari ba. Wannan ba sakaci ba ne, kuma bai kamata a ɗora wa ungozomomi laifinsa ba. An daɗe da sanin cewa ƙiyasin ido na rage adadin jini, kuma kuskuren na ƙaruwa ne daidai lokacin da jinin ya yi yawa. Jini na haɗuwa da ruwan faya, zani na shanye wani, wani na bin ƙasa. Mace mai ƙuruciya kuma jikinta kan riƙe ƙarfin jininta har sai ta yi asara mai yawa, sannan ta rushe gaba ɗaya. Ma'aikaciya ɗaya da ke kula da gadaje da dama cikin dare ba za ta iya auna wannan da kallo ba.

Na biyu shi ne jerin jira. Tsohuwar al'adar jinya ita ce a gwada magani ɗaya, a jira a gani, in bai yi ba a gwada na gaba, in ana buƙatar wata allura a aika neman likita ko a rubuta wa dangi takarda su je kemis. Idan aka ɗora wannan a kan abin da WOMAN ya nuna game da tsadar kowane minti 15, za a fahimci dalilin da ya sa haɗa matakan a lokaci ɗaya, a hannun ungozomar da ke tsaye a wurin, ya yi irin wannan tasiri. A Disambar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta mai da awon jini da haɗakar jinyar shawara ta hukuma.

Amma wajibi ne a karanta ragin kashi 60 da idon basira. Kusan dukansa daga raguwar zubar jini mai tsanani ya fito. Mace-macen da aka samu ba su da yawan da za a yanke hukunci a kansu, kuma ba a tsara gwajin don haka ba. Ba a saka masu haihuwa ta tiyata ba, alhali su ne suka fi zubar da jini. Sannan asibitocin gwajin sun sami horo na kwaikwayo, da jagorori a cikin ma'aikata, da rahoton aikinsu a kai a kai, da kayan da ba sa yankewa. Ko ledar za ta yi aiki iri ɗaya inda aka ce mai naƙuda ta sayo ta da kuɗinta, wannan tambaya ce ta tsarin lafiya da gwajin bai amsa ba. Ingancin magani ma abin dubawa ne. Wani nazari da aka buga a 2018 ya gano cewa kashi 74 cikin 100 na samfurin oksitosin da aka tattara a Najeriya ba su kai ƙarfin da aka rubuta a jikinsu ba. A yankin da zafi ke haura digiri 40 a bazara, wuta kuma ba ta tsayawa, sakamakon CHAMPION na da nauyin da ya fi nasa a ƙasashe masu sanyi.

Ƙarancin jini kuwa ya ƙi jin magani na gaggawa. Bayanan farko na WOMAN-2, na mata 10,561, sun nuna zubar jini a kashi 6.2 na masu matsakaicin ƙarancin jini da 11.2 na masu tsanani, kuma masu tsananin sun ninka haɗarin mutuwa ko kusantarta sau bakwai. Ga irin wannan mace, layin 500 ya yi nisa. Abin da wata za ta jure ita zai kayar da ita. Allura ɗaya a ɗakin haihuwa ba ta rama watannin zazzaɓin cizon sauro da rashin sinadarin ƙarfe da haihuwa kusa da kusa ba. Gwajin IVON da Farfesa Bosede Afolabi ta jagoranta a Legas da Kano, wanda aka buga a 2024, ya nuna cewa ba da sinadarin ƙarfe ta jijiya ya fi ƙwaya gyara ƙarancin sinadarin, amma bai rage yawan masu ƙarancin jini a mako na 36 ragi mai tabbas ba. Ke nan aikin yana komawa ga awon ciki da wuri, har ma kafin ɗaukar cikin.

Babban giɓin dai yana wajen asibiti. Binciken lafiyar al'umma na Najeriya na 2018 ya nuna kashi 39 cikin 100 na haihuwa ne ake yi a cibiyar lafiya, a Arewa maso Yamma kuwa kusan kashi 16. Duk gwaje-gwajen nan huɗu a asibiti aka yi su. Mace da ta durƙusa a ɗakinta, wani lokaci ita kaɗai saboda kunya, ungozomar unguwa ba ta zuwa sai lokacin yanke cibiya, kuma dangi na ɗaukar jinin da ke zuba a matsayin ƙazantar biƙi da gara ta fita, ba ta cikin mata 210,132 ɗin nan. Akwai tushen da za a ɗora a kai. A ƙauyukan da ke kewayen Zariya, masu bincike na Jami'ar Ahmadu Bello da abokan aikinsu sun gwada raba ƙwayar misoforostol, wadda ba ta buƙatar firji ko allura, ga masu haihuwa a gida, suka kuma koya wa jama'a cewa jinin da ya cika moɗa ya isa a nemi mota. Wannan aiki ya nuna hanyar na karɓuwa a wurin mutane, sai dai ba gwajin ƙuri'a ba ne. Abin da ake buƙata yanzu shi ne gwaji mai girman E-MOTIVE wanda zai yi ƙuri'a a kan mazaɓu ko ƙananan cibiyoyin lafiya, ya haɗa awo mai sauƙi da misoforostol da tsarin sufuri, ya kuma auna mutuwa da kusantarta kai tsaye, tare da ware masu ƙarancin jini tun daga tsarawa.